Littattafan Masu Nutso da Abin da Ke Cikinsu na Amfanin Ƙasar Arewa

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Yamai, ya wuce Doso, ya nufi Birnin Ƙonni, bayan tafiyar kilomita 270 da ɗoriya zai hango duwatsun da suka ba Dogon Dutsi sunanta. Ƙasa ce ta gero da wake da noman rani, kuma daga nan zuwa bakin teku a Kwatano tafiyar kimanin kilomita dubu ce. Saboda haka in aka ce za a yi zancen littattafan da masu nutso da tulun iska ke karantawa, watau mutanen nan da ke goya tulun ƙarfe a baya su shiga ƙarƙashin teku domin shaƙatawa da kallon kifaye, mai karatu na Matankari ko Kiyeshe ko Tibiri yana da ikon cewa: ina ruwan biri da gada?

Amma a Arewa ana nutso, kuma ana mutuwa a cikinsa. A cikin fadamar Dallol Mauri ruwa yana kusa, wani wuri mita kaɗan ne a tarar da shi. A kan tudu kuwa sai an yi haƙa mai nisa, igiyar guga ta kai mita talatin ko arba'in ko fiye. Tun daga 1963, lokacin da gwamnati ta kafa ma'aikatar OFEDES, aka soma cika karkara da rijiyoyin siminti masu faɗin mita 1,80. Irin wannan rijiya in yashi ya cike gindinta, sai an sami wanda zai sauka, ya riƙe numfashi, ya nutsa ya cika bokiti da laka, ya taso, ya sake komawa, har sau nawa Allah kaɗai ya sani. Takardun ma'aikatan ruwa suna kiran waɗannan masu yasar rijiya da sunan da Faransanci ke kiran masu nutson teku, kuma sun yi daidai. Ga kuma damina, lokacin da tabkuna ke cika, irin su Tapkin Saw na bakin garin Dogon Dutsi, ƙoramu su sauko daga kan dutse da ƙarfi, yara su bar dabbobi a bakin gaɓa su faɗa wanka. A ambaliyar 2024 Nijar ta rasa mutum fiye da 300, wasu gini ya faɗa musu, wasu ruwa ya ci su. Can ƙetaren iyaka kuma, a Argungu, inda Arawa ke da dangi da abokan kasuwa, gasar nutso tana cikin wasannin kabanci da ake yi a gulbin Matan Fada, a bikin kamun kifin da aka soma a 1934, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2016.

Jikin ɗan Adam iri ɗaya ne, ko a tekun Maliya ko a gindin rijiyar Dan Kasari. Abin da masana suka gano game da shi a ƙarƙashin ruwa, bayan shekaru fiye da ɗari na bincike da asarar rayuka, yana rubuce cikin littattafai ƙalilan. Ga su, da abin da kowane ya ƙunsa.

Tushen ilimin

Uban littattafan duka shi ne La Pression barométrique, wanda masanin Faransa Paul Bert ya fitar a 1878, mai shafi fiye da dubu. A zamaninsa ma'aikatan da ke haƙa gindin gadoji a cikin akwatunan ƙarfe masu matsattsiyar iska suna fitowa lafiya lau, bayan ɗan lokaci sai gaɓoɓi su riƙe, wani ya shanye, wani ya mutu, ba wanda ya san dalili. Iskar da mutum ke shaƙa, kashi 21 cikin ɗari ne kawai oksijen, kashi 78 wata iska ce da ake kira azot, wadda jiki ba ya amfani da ita. Paul Bert ya nuna cewa in matsi ya yi yawa, azot ɗin nan yana narkewa cikin jini; in aka sauke matsin da gaggawa, sai ya fito ƙwayoyi-ƙwayoyi ya toshe hanyoyin jini, kamar yadda lemun kwalba ke kumfa in an ɓalle murfinsa farat ɗaya. Bayan shekara talatin, a 1908, likitan Birtaniya John Scott Haldane da abokan aikinsa biyu, Boycott da Damant, suka yi gwaji da awaki, suka fitar da jadawalin farko da ke gaya wa mai nutso inda zai tsaya da mintocin da zai jira kafin ya fito sarari. Duk jadawalin da ake aiki da shi a yau jikan wannan ne. Haldane ɗin nan kuma shi ne ya ba mahaƙan kwal shawarar su riƙa sauka rami da ɓera ko ƙaramin tsuntsu, domin muguwar iska takan kayar da tsuntsun kafin ta kayar da mutum. Mai yasar rijiya zai gane wannan hikima ba tare da dogon bayani ba.

Waɗannan na masana ne, ba wanda zai ce ɗan koyo ya fara da su. Ƙa'idar da ke cikinsu kuwa mai sauƙi ce, ana iya koyar da ita a aji na shida na firamare. A bisa ƙasa iska tana danne mutum da nauyi guda. Kowace mita goma ta zurfin ruwa tana ƙara wani nauyin guda: a mita 10 ya zama biyu, a mita 20 uku, a mita 30 huɗu. Iskar da ke cikin kowane abu mai taushi tana ƙanƙancewa gwargwadon haka, in an taso kuma ta kumbura. Wanda ya shaƙi iska daga tulu a zurfin mita 10, ya cika huhunsa, sa'an nan ya riƙe numfashi ya taso, iskar za ta ninka biyu a ƙirjinsa, huhu kuwa ba salka ba ne, yagewa yake yi. Ko daga zurfin da bai kai tsayin mutum biyu ba hakan na iya faruwa. Shi ya sa dokar farko a kowane littafin koyo ita ce kada mai tulun iska ya riƙe numfashi ko sau ɗaya. Mai nutson gargajiya, wanda ya ɗauki iskarsa tun daga sarari, wannan hatsari bai shafe shi ba, kuma a nan ne tarkon yake: gwanin gulbi da ya shekara ashirin yana riƙe numfashi, ranar da aka miƙa masa tulu ba tare da horo ba, gwanintarsa ce za ta kashe shi.

Littafin da ya buɗe wa jama'a ƙofar teku shi ne Le Monde du silence na Jacques-Yves Cousteau da Frédéric Dumas, na 1953. Cousteau ne, tare da injiniya Émile Gagnan, suka ƙera a 1943 na'urar da ke sassauta ƙarfin iskar tulu ta ba mutum daidai abin da ya ja da bakinsa. Fim ɗin da aka yi da sunan littafin ya ci babbar kyautar bikin Cannes a 1956. Littafin labari ne, ba na darasi ba, kuma wasu abubuwan da suka yi a fim ɗin, kamar fasa nakiya a ruwa don ƙidayar kifi, yau laifi ne. Duk da haka akwai labari biyu a cikin littafin da suka fi darasi goma. Na farko mutuwar abokinsu Maurice Fargues a 1947, wanda ya kai zurfin mita 120 da iskar shaƙa ta yau da kullum, azot ya bugar da shi kamar mashayi, aka jawo shi babu rai. Wannan mayen zurfi yakan soma ne tun daga wajen mita 30. Na biyu shi ne abin da ya sami Cousteau da Dumas da kansu a 1946 a maɓuɓɓugar Vaucluse: sun kusa halaka, aka bincika aka tarar injin da ya cika musu tulu ya riƙa zuƙar hayaƙin kansa yana tura shi ciki. Wannan labari na biyu za a sake komawa kansa, domin shi ne ya fi kusa da Arewa.

Na hannu, na aiki

Ɗalibin Nijar da karatu ya kai shi Dakar, inda cibiyar Océanium ta shekara da shekaru tana koyar da nutso, ko ma'aikacin da ke zaune a Jidda yana ganin tekun Maliya kullum, ko sojan kwana-kwana da ake shirin turawa horon ceto a kogin Isa, abin da ya kamace shi shi ne littafin makarantar da za ta ba shi takardar shaida. Manyan hanyoyi biyu ne. Ta Faransa da ƙungiyar duniya ta CMAS, wadda aka kafa a Monako a 1959, Cousteau na shugabanta na farko, littattafan da aka fi riƙewa a cikinta su ne jerin Plongée Plaisir na Alain Foret, kowane mataki da nasa kundi. Mai matakin farko iyakarsa mita 20, kuma tare da malami. Ta Amurka kuwa ita ce PADI, wadda aka kafa a 1966. Littafinta na ɗan koyo, Open Water Diver Manual, akwai shi da Faransanci, iyakar mai takardar farko mita 18 ce, iyakar nutson shaƙatawa gaba ɗaya mita 40. Ga wanda ya yi lakwal da Faransanci, na Foret ya fi ƙoshi: yana bayyana dalilin kowace doka, yana sa lissafi, ba ya ɗaukar mai karatu yaro. Na PADI ya fi sauƙin shiga da yawan hotuna, sai dai yakan ce a yi kaza ba tare da ya tsaya kan me ya sa ba. Mai son dalili sai ya nemi babban kundinsu, The Encyclopedia of Recreational Diving.

Sama da waɗannan akwai kundin sojan ruwan Amurka, U.S. Navy Diving Manual, wanda bugu na bakwai ya fito a 2016 da shafi kusan dubu, ana kuma samunsa kyauta a intanet. Akwai NOAA Diving Manual, na hukumar binciken teku ta Amurka, tun 1975. Ba a karanta su daga bango zuwa bango. Ajiye su ake yi a koma musu in tambaya ta taso. Abin da ya ba su daraja ga ƙasa irin Nijar shi ne suna magana kan ruwan da ba a ganin komai a cikinsa, da igiya ta zama ita ce harshe tsakanin na ƙasa da na sama, ja ɗaya ma'ana kaza, ja huɗu ma'ana kaza. Ruwan kogin Isa da damina, jajawur da laka, ya fi kama da wannan fiye da shuɗin ruwan da ke bangon littattafan yawon buɗe ido.

Jadawalin da masu Faransanci suka saba da shi shi ne MN90, na sojan ruwan Faransa, na 1990. Kaɗan daga lissafinsa ya isa ya nuna yadda zurfi ke cin lokaci: a mita 12 mutum zai iya yin awa 2 da minti 15 ya taso ba tare da dole ya tsaya a hanya ba, a mita 20 minti 40, a mita 30 minti 10, a mita 40 minti 5 kacal. Tasowa kuma ba ta wuce mita 15 zuwa 17 a minti guda. An yi jadawalin ne don wuraren da ba su fi mita 300 bisa saman teku ba, saboda haka wanda zai shiga ruwan da ke kwance a duwatsun Abzin sai ya gyara lissafi. Yanzu ƙaramar kwamfuta ta ɗaurawa a hannu kamar agogo ita ke yin wannan aiki, amma makarantu na ƙwarai ba su daina koyar da jadawali ba, tun da batir yana mutuwa. Kuma duk littattafan sun haɗu kan cewa wanda ya yi nutso kada ya hau jirgin sama sai bayan awa 12 aƙalla, in nutson ya yi yawa awa 18 ko fiye. Mai shirin dawowa gida daga Jidda ya riƙe wannan.

Sai dai a faɗi gaskiya: littafi ba ya koya wa kowa nutso. Hausawa sun ce iya ruwa fid da kai, kuma ba a iya shi a kan tabarma. Marubutan da kansu suna gargaɗi tun a shafin farko cewa sai da malami mai shaida.

Daga teku zuwa bakin rijiya

Babin da ya fi shafar masu yasar rijiya da samarin da ke gasar daɗewa a ƙarƙashin tabki shi ne na suman mai riƙe numfashi. Mutane da yawa sun ɗauka in aka yi ta jan numfashi da sauri kafin a nutsa, ana tara iska ne. Abin da ke faruwa daban ne. Abin da ke sa mutum jin dole ya numfasa shi ne taruwar gurɓatacciyar iska, gas karbonik, a cikin jini. Yawan huci kafin nutso yana kore ta, oksijen kuwa ba ya ƙaruwa sai ɗan kaɗan. Sai mutum ya nutsa, ƙararrawar jikinsa a kashe, oksijen ya ƙare bai ji komai ba, ya suma a cikin ruwa shiru, ba kururuwa ba fafutuka. Galibi gwanaye hakan ke samu, shi ya sa in an fito da gawa mutane ke mamaki su ce ai wane kifi ne. Maganin da littattafan suka bayar bai buƙatar ko dala: kada a yi huci kafin nutso, a huta sosai tsakanin nutso da nutso, kuma kada a taɓa nutso sai da wani a sama wanda idonsa ke kan mutum, ba kan hira ba.

Na biyu iskar rijiya. Gas karbonik ya fi iska nauyi da kusan rabi, don haka yakan kwanta a gindin rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba ba. Ba shi da launi. Wanda ya sauka cikinsa zai iya faɗuwa cikin ƴan daƙiƙoƙi, ɗan'uwansa ya hango shi kwance ya bi shi da gudu, shi ma ya faɗi, na uku ya bi. Labarin rijiyar da ta ci mutum biyu ko uku ƴan gida ɗaya ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, kuma akan ce rijiyar tana da iska. Lalle tana da iska, irin wadda ake korewa. Littattafan haƙar rijiya, kamar Hand Dug Wells and their Construction na Watt da Wood, da na ofishin BURGEAP kan ginin rijiyoyi a Afirka, su ne abokan tafiyar littattafan nutso a wannan fanni. Dabarar da tsofaffin mahaƙa suka sani ita ce a zura fitila mai wuta har gindi: in ta mutu, ba mai sauka sai an kaɗa iskar, ko da da damin ganye ne a riƙa saukarwa ana jawowa. Mai sauka kuma da igiya a ɗaure a jikinsa, ƙarshenta a hannun mutane biyu, domin a jawo shi ba sai wani ya bi shi ba.

Amma fitila ba ta tona kowace guba. Tun da injin ban ruwa ya yawaita a lambunan dankali da albasa na fadama, an sami masu saukar da shi cikin rijiya ko ajiye shi a bakinta don a rage ruwa kafin yasa. Hayaƙin fetur yana ɗauke da gubar nan da ta kusa kashe Cousteau a Vaucluse: ba ta da wari, fitila tana ci lafiya lau a cikinta, ita kuwa tana kama jini ta hana shi ɗaukar oksijen. Ciwon kai ne farko, sai jiri, sai ƙafafu su ƙi hawa igiya. Inji ya zauna nesa da bakin rijiya, inda iska za ta tafi da hayaƙinsa, a zura tiyo kawai. Haka nan duk wanda ya yi tunanin shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa ta tiyon injin mai facin taya, ya sani iskar nan da mai da hayaƙi take tafe, ga kuma hatsarin yagewar huhu da aka ambata.

Game da ceto, littattafan nutso da na Hukumar Lafiya ta Duniya bakinsu ɗaya. Hukumar ta fitar da rahotonta na farko kan nutsewa a 2014, da jagoran rigakafi a 2017. Rahoton 2024 ya ƙiyasta mutum 300.000 ruwa ya ci a duniya a 2021, kusan rubu'insu yara ƴan ƙasa da shekara biyar, kuma Afirka ce ta fi yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a. A 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe ranar 25 ga Yuli don tunawa da wannan, ranar da ta faɗo daidai tsakiyar daminar Arewa. Wanda bai iya ceto ba ya miƙa sanda ko igiya ko ya jefa jarka mai murfi, kada ya faɗa. In an fito da mutum ba ya numfashi, abin da yake buƙata iska ce: a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a hura masa baki da baki, sa'an nan a danna ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba har taimako ya zo. Al'adar rataye yaro kai ƙasa ko matse masa ciki don ruwa ya fita ɓata lokaci ce, alhali ƙwaƙwalwa tana soma lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida. Wanda ya farfaɗo kuma a kai shi likita ko da yana cewa ya warke, domin huhun da ya sha ruwa yakan rikice bayan awowi.

Duk wannan ilimi da Faransanci da Ingilishi yake, mai yasar rijiyar Arewa kuwa da Hausa yake aiki. Tun watan Maris na 2025 Hausa ce harshen ƙasa a Nijar bisa kundin sake gina ƙasa, kuma akwai cibiyoyi irin su INDRAP da ma'aikatar yaƙi da jahilci waɗanda suka saba buga ƙananan littattafai cikin harsunan gida. Ba fassarar shafi dubu ake buƙata ba. Shafi talatin da zane sun isa: kunne da yadda ake daidaita shi ta toshe hanci a hura a hankali, suman mai huci, fitila da inji, igiya, hura numfashi. Wanda zai rubuta shi ya kamata ya fara da zuwa wurin masu sana'ar, domin Sarkawa da Sarakunan Ruwa na Kabi da tsofaffin mahaƙa na Dallol suna da nasu sani wanda ba ya cikin kundin sojan Amurka: inda kada ke kwanciya, ƙasar da ke zabtarewa, lokacin da ruwan tabki ke sanyi a ƙasa ya riƙe wa mutum ƙafa. Jean Rouch ya ɗauki wani abu daga rayuwar masuntan kogin Isa a fim ɗinsa Bataille sur le grand fleuve a farkon shekarun 1950, amma farautar dorina ce ta dame shi. Sa'an nan ga aikin kalmomi: a zaɓa tsakanin matsi da danni da nauyin ruwa, a tsai da guda, a kuma gwada ta a bakin rijiya a Tibiri a ji ko mai riƙe da igiya ya gane ta.